Dangwalen baƙin yalo: me ke sa shi ɗaci da ruwa, kuma tun yaushe ake rubuta girkinsa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata ga masana girkin Larabawa. Abin dangwalen nan na baƙin yalo da ake ci da gurasa, me ke sa ya tsinke ya yi ruwa, launinsa ya yi duhu, ya kuma bar ɗaci a ƙarshen harshe? Takardar girkin ta ce "yalo biyu, tahina (markaɗaɗɗen riɗi) cokali uku, lemon tsami ɗaya", amma ko an bi ta sak ba ya yin daidai.

Hajiya Mai Gurasa: Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Ai tun daga takardar matsalar ta fara. "Yalo biyu" ba awo ba ne, domin babban baƙin yalon nan da Larabawa ke kira bazinjan akwai mai nauyin giram 250, akwai wanda ya haura 600. Naman yalon ake aunawa bayan an gasa an tsane shi, a kansa ake ɗora lissafin sauran kayan. Kilo ɗaya na ɗanye yakan ba da kamar giram 400 zuwa 450 na nama. Wannan adadin yana son tahina babban cokali 4, ruwan lemo babban cokali 2, tafarnuwa ƙwaya 1 babba, gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe, sai man zaitun cokali 2 da za a yaryaɗa a sama idan an zuba a faranti.

Wajen gashi ake cin riba ko a faɗi. A sossoke yalon da cokali mai yatsu wuri biyar ko shida, in ba haka ba tururi zai taru a ciki ya fashe a kan wuta. A ɗora shi kai tsaye a kan garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi, ana juyawa duk bayan minti 5. Babba yakan ci minti 20 zuwa 25. Kada a dogara da agogo kaɗai. Ya nuna ne idan ɓawon ya ƙone ƙurmus yana ɓarewa kamar takarda, jikin ya lotse kamar balan-balan da iska ta fita, kuma tsinke ya shige ta wajen wuyansa bai ci karo da tauri ba. Wuyan nan shi ke nuna a ƙarshe, kuma shi ne mutane ke bari ɗanye. A sauke a kwano a rufe minti 10, a tsaga shi a tsaye, a kwashe naman da cokali, a zuba a rariya ya tsane minti 20 zuwa 30. Ruwan da zai ɗiga ruwan kasa ne, ki ɗanɗana shi za ki ga inda ɗacin ya fito.

Maman Biyu: Na gode Hajiya. To duhun fa?

Malam Ɗan Kimiyya: Duhun iri ɗaya ne da na ɗanyen dankali ko doya idan an yanka an bar wa iska. Akwai sinadari a naman yalo da ke haɗuwa da iska ya mai da shi ruwan kasa, kuma zafi sosai ne ke kashe shi. Idan tsakiyar ba ta nuna ba, sinadarin yana nan da ransa, ana tsagawa sai ya fara aiki. Maganin biyu ne: a bari ya nuna har ciki, sannan a yayyafa rabin ruwan lemon a kan naman tun yana cikin rariya, domin tsami yana rage masa ƙarfi. Wuta mai rauni ta fi komai ɓata shi. Yalon zai daɗe yana ɗumi bai nuna ba, ya yi duhu tun yana cikin ɓawonsa.

Anti Ta Sabon Gari: Ni ina ganin a wanke naman a ƙarƙashin famfo bayan an ɓare, baƙin ɓawon duk ya fita, abin ya yi fari tas.

Hajiya Mai Gurasa: A'a Anti, nan kam ban yarda ba. Ƙamshin hayaƙin da aka sha wahalar hura gawayi dominsa yana saman naman ne, ruwa zai tafi da shi. Kuma yalo kamar soso yake, zai sha ruwan da kike ƙoƙarin tsanewa. A ajiye ƙaramin kwano da ruwa a gefe, ana tsoma yatsu ana tsince baƙin da ya maƙale. 'Yan ɗigon da suka rage ba laifi, su ne ma shaidar gawayi ya taɓa shi. Babban yanki ne dai kada a bari, yana ɗaci.

Anti Ta Sabon Gari: To na ji. Amma bilenda fa? Ta fi sauri.

Malam Ɗan Kimiyya: Bilenda tana farfasa 'ya'yan yalon, ɗacinsu ya bazu ko'ina, kuma tana sakin ruwan da ya rage a naman, abin ya koma kamar kunu. Cokali mai yatsu ya isa, ko a daddatsa da wuƙa a kan katako. Ana so harshe ya ji ɗan zare-zaren yalon. Tun a kasuwa ma ake rage ɗaci: a zaɓi mai sheƙi, mai tauri, wanda in an danna da yatsa wurin zai dawo. Wanda ya tsufa ya dushe, 'ya'yansa sun yi yawa sun yi baƙi.

Tafarnuwa kuma a daka ta da gishirin, a jiƙa a ruwan lemon minti 10 kafin a haɗa. Tsami yana dakatar da abin da ke ba ɗanyar tafarnuwa zafin nan mai ƙuna. Idan aka zuba ta kai tsaye, washegari ba abin da za a ji sai ita. Wani lokaci takan koma shuɗi-shuɗi ko kore a cikin tsamin, ba lalacewa ta yi ba. Sai a lura cewa lemon da mutanen Sham ke nufi babban nan ne mai ruwan ɗorawa. Namu ƙaramin kore ya fi shi kaifi, a fara da cokali ɗaya da rabi a ɗanɗana, kuma kada a matse shi har ɓawo.

Uwar Gida Haɗeja: Bari in sa baki kan tahina, domin ta kwalba tana da tsada alhali riɗi a Jigawa ake noma shi. Tahina ba komai ba ce illa markaɗaɗɗen riɗi. Abin da ke sa ta gida ɗaci shi ne dusar. A wanke riɗin a rege tsakuwa, a jiƙa shi ya kwana, a surfa a turmi a hankali, sannan a zuba a ruwan gishiri mai ƙarfi: dusar za ta nutse, ƙwayar ta taso sama. A kwashe, a ɗauraye gishirin, a shanya. A soya giram 250 a busasshiyar tukunya kan wuta kaɗan, minti 4 zuwa 5 ana juyawa, da zarar ƙamshi ya tashi a sauke. Kada a kai shi jan da ake yi wa riɗin kantu, wannan ya wuce. Idan ya huce a markaɗa, da farko zai zama gari, sannan ya dunƙule, sai a zuba mai mara ƙamshi cokali 2 ko 3 har ya riƙa zuba daga cokali kamar zuma.

Abu ɗaya da ke tsorata masu koyo: ana zuba lemo a tahina sai ta daskare ta yi tauri kamar tunkuza. Ba ɓaci ba ne. A ci gaba da ƙara ruwan sanyi cokali-cokali ana bugawa, za ta saki ta yi fari ta yi laushi. Shi ya sa ya fi kyau a kwaɓa ta daban kafin a juye a yalon.

Ɗan Baiwa: Wai mutabbal ne sunansa ko baba ganuj? Kowa da abin da yake faɗa.

Hajiya Mai Gurasa: Ya danganta da ƙasar. A Siriya mai tahina shi ne mutabbal, wasu har da kindirmo suke sa masa. Baba ganuj ɗinsu kuwa ba tahina, sai yankakken tumatir, tattasai, ganye da tsimin rumman. A Masar mai tahinar ne ake kira baba ganuj, kuma wannan sunan ne ya fi yaɗuwa a Turai da Amurka.

Malam Na'ibi: Ƙorafin da Hajiya ta yi kan "yalo biyu" tsohon ƙorafi ne ƙwarai, domin rubutun girki ya daɗe a duniya ba tare da awo ba. Mafi tsufan da aka sani allunan yumɓu ne guda uku daga ƙasar Babila, Iraƙi ta yau, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da harshen Akadiya, da rubutun nan mai kama da tsinin ƙusa. Suna ajiye a Jami'ar Yale a Amurka. An daɗe ana zaton rubutun magani ne. Wata masaniya, Mary Hussey, ta ce girki ne tun a shekarun 1940 ba a saurare ta ba, sai da Bafaranshe Jean Bottéro ya fassara su a shekarun 1980. Allo ɗaya yana ɗauke da girki 25, 21 na nama, 4 na ganye. Kowanne layi biyu ko uku ne: akwai nama, a sa ruwa, a sa kitse, gishiri, albasa, a daka tafarnuwa a zuba. Nawa? Na minti nawa? Shiru.

Romawa ma haka. Cato, a littafinsa na noma wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta wani abin dangwale na zaitun: a cire ƙwallon, a daddatsa, a sa mai, khal (wato binega, ruwan nan mai tsami), kayan ƙamshi irin su kusbara da kamun, na'a-na'a da wasu ganyaye, a rufe da mai. Bai faɗi adadin ko ɗaya ba. Babban kundin girkinsu da ake jingina wa Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, yawancinsa jerin sunayen kayan haɗi ne kawai.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne Kitab al-Tabikh na Ibn Sayyar al-Warraq, Bagadaza, ƙarni na 10. Babi 132 ne, girki sama da 600, shi ne littafin girkin Larabci mafi tsufa da ya iso gare mu. A cikinsa akwai yalon Ibrahim ɗan al-Mahdi, ƙanin Haruna Rashid, wanda ya rasu a 839. A dafa yalo a daddatsa. A niƙa jauz, wani ɗan itace mai tauri da ƙwaya mai maiƙo, a kwaɓa da gishiri da khal, a manna a gindin kwano. Sai a zuba man zaitun a wuta, a turara kwaɓin da hayaƙin, a juya ɗaya gefen shi ma ya sha. A dama da khal da karawiya, wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi, a zuba yalon, a yaryaɗa mai. Ku duba fa: yalo, ƙwaya mai maiƙo, tsami, hayaƙi. Ƙashin bayan abin da Hajiya ta koyar ke nan, sai dai jauz a gurbin riɗi, khal a gurbin lemo.

Uwar Gida Haɗeja: Ikon Allah. Turaren nan har yanzu yana aiki ga mai gasawa a oben. Oben a zafin digiri 230 na Selsiyos yana nunar da yalo cikin minti 45 zuwa 50, amma ba ƙamshin hayaƙi. A ɗauki garwashi ɗaya ja, a sa a ƙaramin gwangwani a tsakiyar kwanon naman yalon, a ɗiga masa mai rabin ƙaramin cokali, a rufe da sauri minti 5. Kada a wuce haka, zai yi warin toka.

Ɗan Baiwa: Malam, da girmamawa, littafin da bai faɗi awo ba ai bai cika littafin girki ba. Wanda bai iya ba me zai ƙaru da shi?

Malam Na'ibi: Ba don wanda bai iya ba aka rubuta su, Ɗan Baiwa. Na Babila da na Rum tunatarwa ce ga mai dafa abinci wanda hannunsa ya riga ya san gishiri. Kamar a ce wa matar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo "ki sa daddawa", ba ta bukatar a ce ƙulli nawa. Amma na Larabawa sun fi su bayani nesa ba kusa ba, sukan faɗi tukunyar da za a ɗauka da irin wutar, wani lokaci da awo: ratali, uƙiya, dirhami. Ratalin Bagadaza kamar giram 400 ne, uƙiya kashi ɗaya cikin 12 nasa, dirhami kuma kamar giram 3. Sai dai awon ma yana da tarko, domin ratalin Dimashƙu ya kai kusan kilo 1.8, ya ninka na Bagadaza sau huɗu da ɗoriya. Wanda ya ɗauki girkin wannan birni ya auna da ratalin wancan ya shiga uku. Mu ma mun san wannan, mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma tiyar Nijar daban take.

A 1226 Muhammad bin Hasan al-Baghdadi ya rubuta nasa Kitab al-Tabikh mai girki 160. A ciki akwai buran: a tafasa yalo sama-sama a ruwan gishiri, a bar shi ya sha iska, a soya da man riɗi, a ɓare, a buga shi da ludayi har ya yi laushi, a haɗa da kindirmo mai tafarnuwa, a ɗora ƙananan dunƙulen nama a kai. Sunan na Buran ne, matar Halifa Ma'amun, kuma har yau mutanen Iran suna kiran dangwalen ganye da kindirmo borani. Tafasawa a ruwan gishirin tana da dalili: yalon zamanin ya fi na yanzu ɗaci, likitocinsu kuma suna zarginsa da haifar da sauda, wato baƙin ruwan jiki da suke dangantawa da baƙin ciki. A Masar ta ƙarni na 14, Kanz al-Fawa'id ya kawo hummus kasa, dakakken wake irin nasu da tahina da khal. Tumatir da barkono da gyaɗa babu su a ko ɗaya daga cikin littattafan nan, domin daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492.

Inna Ta Sudan: Gyaɗar da ta zo daga baya kuwa ta sami gida a Sudan. A can yalon sunansa aswad, abincin kuma salatat aswad, kuma Hausawan da ke zaune can suna yin sa kamar kowa. Ba a gasawa, soyawa ake yi. A fere kilo ɗaya, a yanka faifai-faifai kaurin yatsa, a barbaɗa gishiri a bar shi minti 30 ya zubar da ruwa, a goge, a soya a mai mai zafi har ya yi ja. In man bai yi zafi ba yalon zai shanye shi duka. A tsane a murƙushe. A kwaɓa markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali 3 da ruwan lemon tsami cokali 2 da ɗan ruwa, a sa tafarnuwa, kamun ƙaramin cokali ɗaya da barkono, wasu kan ƙara kindirmo ko tumatirin gwangwani. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar su dakwa suke ce mata, kada a rikita ta da dakuwarmu ta aya. Tunkuza ba ta maye gurbinta sosai, tunda an matse manta, sai an mayar mata da mai cokali ɗaya.

Ɗan Zango: Masu tambayar ko yalonmu na gida zai yi: zai yi, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Babban baƙin daga Asiya ya fito, namu fari da gauta 'yan Afirka ne. Namu ƙanana ne, 'ya'ya sun fi nama yawa, a kan garwashi sukan bushe kafin a sami abin kwashewa. Dafawa ta fi masa, minti 10 zuwa 12, a ɓare fatar. A Gana haka ake yin abomu: dafaffen yalo da barkono da albasa a niƙa a asanka, kwanon ƙasan nan mai zane a ciki, a zuba manja, a ci da doya ko ayaba dafaffiya. Wanda zai sa masa tahina ya zaɓi farin yalo, ya bar gauta da ɗata, ɗacinsu da na riɗi ba sa zama tukunya ɗaya.

Ɗan Baiwa: To yaushe aka fara jera kaya da awo a saman takarda kamar yadda muke gani yanzu?

Malam Na'ibi: Kwanan nan ne, in aka kwatanta. Injin ɗab'i bai kawo shi ba, domin littafin Platina da aka buga a Italiya a shekarun 1470 har yanzu labari ne a dunƙule. Eliza Acton a Ingila, 1845, ita ta shahara da ware jerin kaya da adadinsu da lokacin dahuwa, a ƙarshen kowane girki. Isabella Beeton a 1861 ta mai da jerin sama. Fannie Farmer a Boston, 1896, ta dage kan kofi da cokali a shafe, ba a cike da tozo ba. Masu karatun ne suka canza: matan birni da ba su tashi kusa da murhun uwa ba, suna bukatar a faɗa musu komai.

Malam Ɗan Kimiyya: Kuma tarkon ratali bai mutu ba. Kofin Amurka mililita 237 ne, na Ostireliya 250. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma 20 a Ostireliya. Cokulan da ke cikin kicin ɗinmu kuwa wani 10 ne, wani 12. Mai sikeli ya auna: tahina giram 15 ga kowane giram 100 na tsanannen nama, gishiri giram 1 da ɗan ɗori.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, an warware min. Saura ajiya, kwana nawa yake yi?

Hajiya Mai Gurasa: Amin. A firji kwana 3 zuwa 4, a mazubi mai murfi, a shafe samansa da cokali a rufe da mai kaɗan don kada iska ta taɓa shi. In ba wuta, kada ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafin bazara ma awa 1, domin dafaffen yalo ba ya jure zama kuma tsamin da ke ciki bai kai ya kare shi ba. Kada a daskarar da shi bayan an haɗa, yana narkewa ruwa zai ware gefe. Wanda ya hura gawayi yana so ya ci moriyarsa, ya gasa kilo uku, ya tsane, ya ƙulla naman zalla giram 400 a kowace leda ya sa a firiza. Ranar ci a narkar, a sake tsanewa minti 10, sannan a haɗa. A fito da shi daga firji minti 20 kafin a ci, sanyi yana danne ƙamshin hayaƙin, gurasar kuma a ɗan gasa ta ta yi ɗumi.